Addu'ar Alfarwa ta Sujada

Addu'ar alfarwa wata hanya ce ta yin addu'a da wasu Kiristoci ke bi, inda mutum zai ɗauki tsarin alfarwa ta sujada da Musa ya kafa a jeji ya mai da shi kamar taswira, yana tafiya a zuciyarsa daga ƙofar farfajiya har cikin Wuri Mafi Tsarki, kowane kaya ya tarar sai ya tsaya ya yi irin addu'ar da ta dace da wurin. Ba gini ake yi ba, ba a kuma yanka komai, duk a tunani ne da baki. A Kaduna an fi jin ta a bakin masu addu'ar kwana da ƙananan ƙungiyoyin addu'a na gida-gida, musamman ɓangaren Fentikos.

Ita alfarwar kanta

Bayaninta na cikin Littafin Fitowa, daga sura 25 zuwa 40, kuma wanda ya taɓa karanta wurin ya san akwai awo da yawa har mutum ya gaji. Farfajiyar kamu 100 ce a tsawo, 50 a faɗi, wato kusan mita 45 da mita 23, ko rabin filin ƙwallo ba ta kai ba. Ƙofa ɗaya ce tak, tana fuskantar gabas. Bezalel na kabilar Yahuza da Oholiyab na kabilar Dan su ne suka shugabanci masu aikin. A farfajiya akwai bagaden hadaya na tagulla da daron wanka, cikin ɗaki na farko wato Wuri Mai Tsarki akwai alkuki da teburin gurasa da bagaden turare, sai labule, bayan labulen kuma Wuri Mafi Tsarki ne mai ɗauke da Akwatin Alkawari, inda babban firist kaɗai ke shiga sau ɗaya a shekara ranar kafara, kamar yadda yake a Littafin Firistoci sura 16.

Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba. Gidan gargajiya ma ai haka yake, baƙo zai yi sallama a zaure, in an yarda da shi ya wuce shigifa, tsakar gida sai na gida, turaka kuwa ba kowa ba. To tunanin masu wannan addu'a kenan, ba a faɗa wa sarki ɗaki kai tsaye da roƙo a baki.

Asalin koyarwar

Fassara kayan alfarwa a matsayin alamun Almasihu tsohon abu ne, tun daga wasiƙar Ibraniyawa sura 9 aka fara, kuma a ƙarni na 8 wani malamin coci a Ingila mai suna Bede ya yi dogon sharhi a kai. Amma mai da shi matakan addu'a na kullum, wanda ya fi yaɗa shi a zamaninmu shi ne fasto David Yonggi Cho na Koriya ta Kudu, wanda ya fara cocinsa a 1958, cocin da daga baya ya zama na Yoido a birnin Seoul, ya rasu a 2021. Ta hanyar wa'azinsa da rubuce-rubucensa ne abin ya zagaya ƙasashe da yawa.

Yadda ake bi

Ana farawa a ƙofa da godiya, saboda Zabura 100:4 ta ce a shiga ƙofofinsa da godiya. Nan ba a roƙon komai tukuna, sai dai a lissafa abin da Allah ya riga ya yi, kwana lafiya, abinci, yara, ko da ƙaramin abu ne.

Daga nan sai bagaden tagulla, kamu 5 ta kowane gefe, tsayinsa kamu 3, inda ake ƙona hadayu, kuma doka ce wutarsa kada ta mutu (Firistoci 6:13). Ga Kirista wannan wurin gicciye ne, mai addu'a zai tuna jinin Yesu, ya gode don gafara. Sai daro, inda Haruna da 'ya'yansa ke wanke hannu da ƙafa kafin su shiga. Akwai wani ɗan abu a Fitowa 38:8 da masu koyarwa ke so sosai, wai da madubin tagulla na matan da ke hidima a ƙofar alfarwa aka ƙera daron, kenan wanda ya sunkuya zai wanke hannu sai ya ga fuskarsa. Shi ya sa a nan ake binciken kai da furta zunubi, kuma a gaskiya nan ne ya fi wuya, don gode wa Allah na da daɗi a baki amma mutum ya ambaci ƙaryar da ya yi wa abokin ciniki a kasuwar Sabon Tasha ko zagin da ya yi wa mai keke a hanyar Kakuri, wannan kam sai an daure.

Cikin Wuri Mai Tsarki babu taga, hasken duk daga alkuki ne, na zinariya zalla mai fitilu 7 da ake zuba wa man zaitun. Ana ɗaukarsa alamar Ruhu Mai Tsarki, wasu su haɗa da Ishaya 11:2 su roƙi hikima da ganewa da tsoron Allah. Daura da shi akwai tebur mai gurasa 12, ɗaya don kowace kabila ta Isra'ila, ana canzawa duk Asabar. Nan ake buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta, tunda Yesu ya kira kansa gurasar rai a Yahaya 6:35.

Bagaden turare na dab da labule, ana ƙona turare a kansa safe da yamma. Zabura 141:2 ta kamanta addu'a da turare, Wahayin Yahaya 5:8 ma haka, to a nan ake sujada da waƙa. Sai Akwatin Alkawari, da murfinsa na zinariya da kerubobi 2 a kai, wato siffofin mala'iku masu fukafukai. Ibraniyawa 9:4 ta ce a ciki akwai tulun manna, wato abincin da Allah ya ciyar da Isra'ilawa da shi a jeji, da sandar Haruna da ta yi toho da allunan alkawari. A nan ne sai mutum ya kawo roƙonsa da na wasu, iyali, marasa lafiya, coci, zaman lafiyar gari, wanda duk wanda ya zauna a Kaduna ya san ba ƙaramin roƙo ba ne. Wasu kuma shiru kawai suke yi.

Masu koyarwa ba su daidaita a kan adadin matakan ba, wani ya ce 6 wani ya ce 7, ya danganta ko an ƙirga ƙofa, wasu ma a bagaden turare suke sa roƙo don wasu maimakon a gaban akwatin.

Abin da ake cewa a kai

Masu yi suna cewa amfaninsa biyu ne. Na farko yana hana hankali yawo, wanda da minti 5 yake gamawa sai ya ga ya kai rabin awa bai sani ba. Na biyu, kuma a ganina shi ne ainihin ƙarfin tsarin, yana tura roƙo zuwa ƙarshe, mutumin da ya saba fara addu'a da kuɗin haya da kuɗin makaranta dole ya bi ta godiya da tuba da karatu kafin ya iso kan buƙatarsa.

Masu ja da baya kuma suna da hujja mai ƙarfi. Babu inda Sabon Alkawari ya umarci a yi addu'a da wannan tsari, da almajirai suka ce Yesu ya koya musu addu'a, Addu'ar Ubangiji ya ba su. Matiyu 27:51 ta ce labulen haikali, wato ginin da ya gaji alfarwar, ya tsage daga sama har ƙasa lokacin mutuwarsa, Ibraniyawa 10:19 kuma ta ce a shiga gabagaɗi, to in aka koya wa sabon mai bi cewa sai ya bi matakai 7 kafin a ji shi, kamar an sake ɗinke labulen ne. Shi ya sa masu koyarwa da dama ke jaddada cewa taimako ne kawai ba doka ba, matar da ɗanta ya kamu da zazzaɓi da tsakar dare ba za a ce mata ta fara daga ƙofar farfajiya ba.