Hanta da Sarrafa Abinci a Jikin Ɗan Adam

Hanta ita ce mafi girma a kayan cikin mutum. Nauyinta a jikin baligi ya kai kusan kilo 1.5, kuma tana zaune ne a ɓangaren dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Jinin da ya ɗebo abinci daga hanji sai ya ratsa ta kafin ya isa zuciya, ta wata babbar jijiya da ke kawo mata kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da take samu.

Tarihin fahimtarta

Jalinus, likitan Girka da ya yi aiki a Rum a ƙarni na 2 miladiyya, ya ɗauka hanta ce ke mayar da abinci jini. Ibn Sina ya bi wannan ra'ayi a littafinsa Al-Ƙanun, wanda aka ce ya kammala wajen 1025, kuma likitoci suka riƙe ra'ayin sama da shekara dubu. Ko da yake sun yi kuskure, sun gane cewa abinci da hanta ba sa rabuwa.

Wajen 1848, Claude Bernard na Faransa ya tarar da sukari a hantar karnukan da nama kaɗai ake ba su, alamar cewa hanta na iya samar da sukari da kanta. A 1857 ya ware sinadarin da take ajiye shi a cikinsa, wato gilaikojin. A 1932 kuma, Hans Krebs da Kurt Henseleit, a birnin Freiburg na Jamus, suka bayyana yadda hanta take mayar da amoniya, wata guba da ke fitowa idan jiki ya sarrafa furotin, ta zama yuriya, wadda ba ta da irin wannan illa.

Sitaci da sukari

Bayan cin tuwo ko shinkafa, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita sukarin jini, kan sa hanta ta tara rarar sukari, har kusan giram 100. Idan ciki ya zama fanko sai ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Ɗan dakon da ke sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas da azumi a bakinsa, wannan ajiya ce ke riƙe shi har la'asar. Idan ta yi ƙasa, hanta kan ƙera sabon sukari daga furotin da wani ɓangare na kitse.

Kitse

Hanta ce ke yin ruwan ɗacin da ke taruwa a matsarmama, wanda ke farfasa maiƙo a hanji. Mahautan Oko-Oba a Agege ta Legas sun san shi sarai: da lallami suke cire matsarmama daga jikin hantar saniya, don idan ta fashe, koren ruwan ya ɓata naman, mai tsire ba zai karɓa ba. Hanta tana kuma ƙera kolestarol, wani nau'in maiƙo da ke cikin jini, tana mayar da rarar sukari kitse. Idan kitsen ya taru a cikinta saboda ƙiba, ciwon sukari ko shan giya, yakan kai ga tabo mai wuyar warkewa.

Furotin

Hanta tana ƙera albumin, furotin da ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini, da sinadaran daskarar da jini, kuma yuriyar da ta haɗa ƙoda ce ke fitar da ita a fitsari. Shi ya sa mai tsananin ciwon hanta kan kumbura, jini ya ƙi tsayawa idan ya ji rauni.

Jiƙe-jiƙen "wankin hanta" da ake tallatawa a tashoshin mota, likitoci ba su amince da su ba.