Maɓallan rediyo a mazaunin matuƙin jirgin soja mai saukar ungulu

Maɓallan rediyo su ne abubuwan da matuƙin jirgi mai saukar ungulu yake dannawa ko murɗawa domin zaɓar mita, wato zangon da rediyo ke aiki a kai, da yin magana da hasumiyar filin jirgi, da sojojin ƙasa, da abokan aikinsa na cikin jirgin. Tsarinsu ya shafi tsaron rai kai tsaye, saboda wannan jirgi ba ya barin matuƙi ya huta da hannu: na dama yana kan sandar da ke karkatar da jirgin, na hagu yana kan wadda ke ɗaga shi ko sauke shi, ƙafafu kuma suna kan feda. Duk lokacin da ya miƙa hannu zuwa akwatin rediyo, ya saki ɗaya daga cikin sandunan, idonsa kuma ya bar waje.

Jirgin soja yakan ɗauki rediyo fiye da ɗaya. Ana magana da sojojin ƙasa tsakanin megahaz 30 zuwa 88, da hasumiyar fararen hula tsakanin 118 zuwa 137, da sauran jiragen soja tsakanin 225 zuwa 400, an kuma keɓe 121.5 da 243 domin kiran gaggawa. A tsofaffin jirage kowace rediyo tana da akwatinta a tsakanin kujeru biyu, sai matuƙi ya sunkuyar da kai ya nemi lamba. Haɗarin ya fi tsanani da dare, domin tabaron gani cikin duhu yana taƙaita gani zuwa kimanin digiri 40, sunkuyar da kai yayin da jirgi ke shan kwana kuwa yana iya rikita ma'aunin daidaito na cikin kunne har matuƙi ya kasa bambance sama da ƙasa.

Gyaran da ya fi amfani shi ne mayar da muhimman maɓallai kan sandunan tuƙi. A jirage da yawa maɓallin magana yana kan sandar dama kamar kunamar bindiga, mai mataki biyu: ja kaɗan na magana da abokan cikin jirgi ne, ja har ƙarshe na watsawa waje. Sababbin jirage irin su UH-60M da CH-47F sun tattara rediyoyin a allo guda, inda ake loda mitoci tun kafin tashi. Sai dai allon ma yana da nasa aibin idan aka binne umarni a ƙarƙashin shafuka da yawa, shi ya sa masu tsarawa suke barin wasu maɓallai masu siffa daban-daban da yatsa zai gane ko da safar hannu.

Haɗurra biyu sun nuna abin da kuskuren sadarwa ke jawowa. A ranar 14 ga Afrilun 1994 jiragen yaƙin Amurka samfurin F-15 suka harbo jiragen ƙasarsu biyu masu saukar ungulu samfurin Black Hawk a arewacin Iraƙi, mutum 26 suka mutu, bincike kuma ya gano cewa rediyoyin ɓangarorin biyu ba a mita ɗaya suke ba. A ranar 29 ga Janairun 2025 wani Black Hawk ya yi karo da jirgin fasinja a kan kogin Potomac a Washington, aka rasa mutum 67. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bayyana cewa danna maɓallin magana na ƙasa da daƙiƙa ɗaya da aka yi a cikin Black Hawk ɗin ya rufe ɓangaren umarnin hasumiya da ke cewa su bi ta bayan jirgin fasinjan.