Waiwaye: Tun yaushe ake gardamar lissafin hannu a azuzuwan injiniyan gini?

Gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu malamai na ganin ɓata lokacin ɗalibi ne a sa shi lissafin ƙarfin fila da bim da hannu, alhali manhajar kwamfuta na gamawa kafin ƙiftawa da bismillah. Wasu kuma sun ce wanda bai yi da hannu ba, ko kwamfuta ta ba shi shirme karɓa zai yi. Ɓangarorin biyu na magana kamar kwamfuta ce ta kawo rigimar. Ai rigimar ta girme kwamfuta.

Tarihin farko sananne ne, na masanan da suka fitar da hanyoyin wannan lissafi: Clapeyron a Faransa a 1857, Maxwell a 1864, Castigliano a Italiya a 1873. Akasari ƙarfi suke nema. Injiniya zai zaɓi wani tallafi ya cire shi a takarda, ya ga yadda ginin ya sunkuya, sannan ya lissafa ƙarfin da zai mayar da shi. Zaɓin kuwa sai gwani.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne 1914 da 1915. Axel Bendixen ya buga aikinsa a Jamus, George Maney kuma a Amurka, duka suka juya tambayar: a bar neman ƙarfi tukuna, a tambayi nawa kowace mahaɗa (inda bim da fila suka haɗu) ta juya, nawa kowane bene ya goce gefe. Da an san wannan, ƙarfin lanƙwasa zai fito da kansa. Babu sauran zaɓen tallafin da za a cire. Kowane bim da kowace fila ƙa'ida ɗaya suke bi. Matsalar ita ce yawa. Gini mai hawa 10 da fila 5 a jere yana da mahaɗa 50, a ƙara gocewar hawa 10, lissafi 60 ke nan a sarƙe, ga rular lissafi (rula mai zamewa da ake ninkawa da rabawa da ita) kawai a hannu. Wa zai iya?

Wannan sarƙar Hardy Cross, wani malamin injiniya a Amurka, ya zagaye a 1930: a kulle mahaɗu, a saki ɗaya, a raba ƙarfin, a miƙa rabi ga ɗaya ƙarshen bim, a maimaita, ana jera lambobin a tebur a takarda, har su ƙanƙance. Dabara ce ta rashin na'ura, kuma ta yi rana. Da kwamfuta ta zo a shekarun 1950, ba tebur ɗin Cross ta ɗauka ba; tambayar 1915 ta koma wa, don na'ura ba ta iya zaɓi amma ba ta gajiya da lissafi 60.

Sai dai a aji, galibi tebur ɗin ne ya cinye makonni da tambayoyin jarrabawa (yana da sauƙin ba da maki, gaskiya), hanyar Maney kuma a bi ta kanta a gurguje. Ɗalibi ya kammala yana zaton abin da ke cikin manhajarsa baƙo ne, alhali babin da aka yi masa a gurguje ne aka jera cikin jadawalin lambobi.