Waiwaye: Littafi ya shiga aji, waƙa ta biyo baya, abinci yana bakin ƙofa

Tun kafin boko, mutanen ƙasar Hausa a bakin mabusa da maroƙa suke jin tarihinsu. Waƙar Bagauda ta jero sarakunan Kano ɗaya bayan ɗaya, kirarin kowace sarauta kuma ɗauke yake da sunan wanda ya ci yaƙi da garin da aka kora.

Da Turawa suka buɗe makarantu sai suka tarar babu abin da yara za su karanta da Hausar boko. Hakan ya sa Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubutu a 1933. Abin lura shi ne, biyu daga cikin littattafan da suka fito tarihi ne cikin rigar labari. Ganɗoki na Bello Kagara ya taɓo yaƙin Kwantagora da Nasara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa ya bi sawun harin bayi da ayarin da ke keta Sahara. Ɗalibai da dama a nan suka fara jin waɗannan abubuwa, ba a darasin tarihi ba.

Waƙar baka ta daɗe a waje, don malaman boko da na zaure sun ɗauke ta roƙo kawai. Sai da jami'o'i suka buɗe sassan Hausa, aka kuma kafa cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Kano a 1969, sannan aka shiga naɗar muryoyin makaɗa ana rubutawa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a Amurka a 1975 kan Mamman Shata. A Yamai ma tun 1968 akwai cibiyar tattara tarihin baka. Yau mai nazarin sarautar garin Isa ba zai tsallake makaɗi Narambaɗa ba, duk da kowa ya san makaɗin fada ba ya faɗin laifin ubangidansa.

Abinci ne aka bari a baya. Ana koyar da girki, amma ba a tambayar asalin abin da ke cikin tukunya. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo. Gero da dawa su ne 'yan gida. Goron da ake rabawa a ɗaurin aure fatake ne suka riƙa ɗauko shi daga Gwanja a kan jakuna, tafiyar watanni. Dalar gyaɗa ta Kano kuwa ba ta tashi ba sai bayan jirgin ƙasa ya iso garin a 1911.

Ana cikin haka gwamnatin Najeriya ta cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a zangon 2009/2010, aka cusa gutsurensa cikin wani darasin. A 2022 aka ƙaddamar da maido shi, tare da horar da malamai, domin da yawa daga cikin waɗanda za su koyar su ma ba a koya musu ba.