Turmin ƙarshe da ya maƙale a muƙamuƙi: a ɗauki hoto kafin a taɓa shi

Jama'ar Damagaram, akwai haƙorin da ke fitowa a makare can ƙuryar baki, galibi tsakanin shekara 17 da 25. Na ƙasa ya fi ba da wahala, don sau da yawa ba ya samun wuri: ko ya kwanta ya tokari na gabansa, ko ya leƙo rabi, dasashi ya rufe rabi. Abinci ya maƙale a nan, sai kumburi da wari da ciwo mai harbawa har kunne.

Kanumfari da ƙwayoyin ƴan tebur suna kwantar da zafi na ɗan lokaci, ba su gyara kwanciyar haƙori. Wanzami kuwa, kome gwanintarsa, ba ya ganin cikin ƙashi. Jijiyar da ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi tana ratsa muƙamuƙi, wani lokaci saiwar haƙorin na manne da ita. In aka ji mata rauni sai leɓe ya mutu. Yakan farfaɗo cikin makonni ko watanni, amma akwai wanda nasa ba ya dawowa. Shi ya sa nake nacewa a yi radiyo, wato hoton cikin ƙashi, tukuna.

Daga hoton ne likitan haƙori zai zaɓi hanya. Wanda ba ya ciwo, bai kuma ɓata maƙwabcinsa ba, ana iya barinsa ana dubawa. Mai yawan kumburi ko ruɓa, fitar da shi ake yi: allurar kashe zafi, a tsaga dasashi, a rage ƙashi kaɗan, a raba haƙorin gida-gida, a ɗinke.

Hanyar da mutane ba su sani ba ita ce a yanke kan haƙorin a bar saiwar a binne, idan tana jikin jijiya. Ba a yin haka ga haƙori mai girgiɗi ko wanda ruɓa ta kai cikinsa, kuma wani lokaci saiwar takan taso daga baya har a sake aiki. Ku tambaya, haƙƙinku ne.

Mai ciwon sukari, mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, su faɗa kafin aiki. Bayansa, ban da kurkure baki a ranar farko, ban da taba. Washegari a soma da ruwan gishiri mai ɗumi.

In kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ta gagara, ga zazzaɓi, kada a jira gari ya waye: a wuce Babban Asibitin Ƙasa na Zinder.