Fomatin ɗin memori ba ya goge hotuna har abada

An daɗe ana ɗauka cewa da an yi wa memori fomatin a waya, shi ke nan, komai ya tafi. Ba haka abin yake ba. Galibi jerin sunayen fayiloli da wuraren da suke kawai waya ke sharewa, hotunan kuwa suna nan kwance sai wani sabon abu ya hau kansu.

Kuna iya gwadawa: ku sa katin a kwamfuta, ku bincika shi da manhajar dawo da fayiloli irin PhotoRec. In bisa kuskure kuka yi fomatin, ku cire katin nan take, kada ku ɗauki ko hoto ɗaya.

Mai shirin sayarwa kuma ya cika katin maƙil da bidiyon banza, sannan ya sake fomatin. Ku tura wa 'yan'uwa su sani.