Wa doka ta hana kunna tiransimita?

Magana ta bazu a rumfunan masu gyaran rediyo, daga Gujungu har Maigatari a jihar Jigawa, wai duk wanda aka samu da kayan haɗa rediyo sai ɗauri. Ba haka ba ne. Mai sauraro da mai gyaran akwati ba su ake nema ba. Bluetooth da Wi-Fi na kan megahaz 2400 su ma ba sa buƙatar lasisin mita, muddin NCC, hukumar sadarwa ta Najeriya, ta amince da na'urar.

Wanda abin ya shafa shi ne mai watsawa da tiransimita, wato na'urar da ke aika murya ta iska zuwa akwatunan rediyo. Dokar da ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, a 1992 ta hana watsa murya ko hoto ga jama'a ba lasisi, ko wa'azi ne ko sanarwar ɗaurin aure. A ɓangaren sadarwa kuma, dokar 2003 ta tanadi tarar da za ta iya kai ninki 10 na kuɗin lasisi, ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka, sannan a ƙwace kayan aiki.

Inda samari suka fi ruɗewa shi ne cewa "ai wat ɗaya ne, bai wuce ƙauyenmu ba". Ƙarancin ƙarfi ba izini ba ne, kuma akwai dalili. Zangon FM daga megahaz 87.5 ne zuwa 108. Daga 108 zuwa 137 na jiragen sama ne, masu sauka Dutse da Kano da shi suke aiki. Tiransimitar da aka haɗa da taransista ɗaya, kwayil da kafasita ba ta tsayawa wuri guda: rana ta yi zafi ko batir ya yi sanyi, sai mitar ta gusa. Wanda ya saita kusa da 107 yana iya tsallake iyaka bai sani ba. Ga kuma ninkin mita. Mai watsawa a kan 100 yana zubar da wani abu a kan 200, cikin zangon talabijin, idan bai sa matatar da ke tare manyan mitoci kafin eriya ba. Rediyon da yake gwaji da ita ba za ta nuna masa wannan ba.

Mai koyo ya cire eriya, ya sa mata madadi: rasista biyu masu om 100, wat 2 kowanne, a haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, gindi da gindi, su ba da om 50. Kada a yi da na naɗaɗɗiyar waya. Kada kuma a kunna ba komai a bakin da ake sa eriya, taransistar ƙarshe ce za ta ƙone. Ƙarfin zai koma zafi, ɗan abin da ya tsere ya ishi rediyon da ke kan tebur.

Gaskiya dai dokar ta yi wa ɗan ƙauye tsauri. An fara ba da lasisin rediyon al'umma a 2015, amma ga ƙungiya mai rajista, ba ga yaron da ya haɗa tasha da hannunsa ba. Mai son gari ya ji shi, ta ƙungiyar gari zai bi zuwa NBC.